Maganin Ƙarfe



A gidanmu akwai yaron da ke shan maganin ƙarfe kullum da safe. Duk wanda muka faɗa wa haka sai ya ɗago kai ya dube mu, domin a kunnen Bahaushe maganin ƙarfe na 'yan tauri ne, wanda ake sha don kada wuƙa ta ci jiki. Wani kawunsa har dariya ya yi, ya ce ashe mun fara shirya shi wa fagen wasa tun yana firamare. Namu ƙarfen a cikin jini yake, kuma jinin da ya kawo shi mu muka yi ta fafutukar nemowa, leda bayan leda, muna godiya ga duk wanda ya miƙa hannu aka ɗiba.

Ɗanmu na biyu yana da sikila, wato amosanin jini. Yana shekara bakwai ɓarin jikinsa ya shanye na ɗan lokaci, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa. Ya warware, amma likita ya gaya mana cewa abin da ya zo sau ɗaya yana iya dawowa, kuma hanyar da aka fi sani ta tare shi ita ce a riƙa ƙara masa jini kusan duk wata, ko yana ciwo ko ba ya ciwo, don lafiyayyun ƙwayoyin jini su rinjayi masu lanƙwasar. Muka amince. Shekara ɗaya da wani abu yaro ya yi kyau, idonsa ya washe, ya koma makaranta. Daga nan ne aka kira mu aka ce akwai bashin da jinin nan ya bari a jikinsa, kuma lokacin biya ya yi.

Ga yadda lissafin yake, kamar yadda muka fahimce shi bayan tambayoyi da yawa. Abin da ke ba jini jan launinsa, yake kuma ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda wasu ke kira ayan. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kwatankwacin ƙusa ƙarama guda. Jiki yana tattalinsa matuƙa. Idan jar ƙwayar jini ta tsufa ta mutu, bayan kwana 120 ko kusa da haka, sai jiki ya kwashe ƙarfenta ya adana ya sake aiki da shi. Abin da yake zubarwa a rana bai fi miligiram 1 ko 2 ba, ta fatar da ke saɓulewa da cikin hanji, kuma abinci yana mayar da gurbinsa. Ƙofar shiga ce ke da mai gadi, wato hanji, wanda ke rage abin da yake tsotsa idan ajiya ta cika. Ƙofar fita kuwa kusan babu ita. To jinin da aka ɗaura ta jijiya bai bi ta gaban mai gadin ba. Leda ɗaya tana ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250. A yi haka sau 12 a shekara, an zuba wa yaro mai nauyin kilo ashirin da 'yan kai abin da ya kusa ƙarfen jikin ƙato guda, kuma babu inda zai bi ya fita.

Sai ya nemi wurin zama. Hanta yake fara cikawa, daga nan ya gangara zuwa gaɓoɓin da ke sarrafa sukari da girma da balaga, a wasu mutanen har naman zuciya. Idan ma'ajiyar jiki ta cika ta tumbatsa, ragowar ƙarfen yakan yi yawo a sake cikin jini yana cin nama a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi ta ƙarƙashi alhali daga waje gida lafiya lau. Ƙarshensa taurin hanta ne, ko ciwon sukari, ko yaro ya tsaya bai girma ba, ko zuciya ta gaza. Likitoci sukan fara sa ido bayan leda 10 zuwa 20, kuma idan gwajin jini da ake kira feritin ya zauna sama da 1,000 sai a fara maganar magani.

Wannan ilimi ba a kan 'ya'yanmu aka fara samo shi ba. A ƙasashe irin su Italiya da Girka da Saifurus da Indiya da Pakistan akwai wata cutar jini ta gado mai suna talasemiya, wadda masu tsananinta ba sa rayuwa sai da ƙarin jini tun suna jarirai. Jinin ya tsawaita musu kwana, amma sai aka ga suna mutuwa a ƙuruciya da ciwon zuciya, aka bincika aka tarar ƙarfe ne. A shekarun 1960 aka samo maganin farko, deferoxamine, daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa. Aikinsa shi ne ya damƙe ƙarfen ya fita da shi, shi ya sa Turawa suka raɗa wa wannan hanyar magani suna daga kalmar Girkanci mai nufin ƙahon da kaguwa ke matse abu da shi. Matsalarsa ita ce hanji ba ya tsotsarsa, kuma ba ya daɗewa a jini. Dole a soka siririyar allura a ƙarƙashin fatar ciki, a haɗa da ɗan inji mai batir da zai riƙa tura ruwan a hankali na awa 8 zuwa 12, dare biyar ko fiye a mako, shekara da shekaru. Waɗanda suka jure sun rayu. Da yawa cikin samari da 'yan mata sun gaji sun ajiye injin, kuma ba mu ga laifinsu ba. Mun taɓa gwada tunanin wannan inji a ɗakinmu, cikin zafin Afrilu, babu wuta, yaro yana juyi a kan tabarma da allura a ciki. Ba mu kai ƙarshen tunanin ba.

Shi ya sa zuwan na haɗiya ya zama babban abu. Na farko, deferiprone, Indiya ce ta fara yarda da shi a tsakiyar shekarun 1990, Turai ta bi a 1999, Amurka sai a 2011. Ana shan sa sau uku a rana, yana mai da fitsari ja-ja, kuma ya yi suna wajen zaro ƙarfe daga zuciya. Sai dai a wasu 'yan tsiraru yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, don haka ana so a riƙa gwada jini duk mako, zazzaɓi kaɗan kuma a garzaya asibiti. A garin da zazzaɓi ke zuwa duk damina, wannan sharaɗi ne mai nauyi. Na biyu, deferasirox, kamfanin Novartis ne ya fito da shi da sunan Exjade, Amurka ta amince da shi a 2005. Sau ɗaya ake sha a rana, kuma mafi yawan ƙarfen ta bayan gida yake fita. A 2015 suka fito da wani samfurinsa, Jadenu, wanda ake haɗiyewa kai tsaye. Yanzu wasu kamfanoni, musamman na Indiya, suna yin irinsa da sunaye daban-daban. Shi aka rubuta wa ɗanmu.

Wanda muka fara samu mai narkewa ne. Ana jefa ƙwayar a kofin ruwa ko ruwan lemo, a dama har ta watse ta zama kamar an jiƙa alli, a shanye, a ɗauraye kofin a sake shanye abin da ya kwanta a gindi. Ba a tauna ta, ba a haɗa ta da madara ko lemon kwalba mai gas, kuma sai ciki babu komai, a jira rabin awa kafin a karya. Ƙarfe shida na safe, maganin ƙarfe. Ƙannensa sun mai da wannan abin tsokana.

A nan ne ainihin wahalar take, kuma ita ta sa muka zauna rubuta wannan. Mun saba da magani mai amsa kuka. Yaro yana murƙususun ciwon ƙashi, a ba shi magani, bayan awa ɗaya ya yi barci, kowa ya ga aikinsa. Wannan kuwa yana maganin abin da ba ya ciwo. Ranar da ya sha da ranar da bai sha ba duk ɗaya ne a jikinsa, in ma akwai bambanci to ranar da ya sha ce ta fi muni, don a makonnin farko ya sa shi tashin zuciya da ciwon ciki da 'yar gudawa. Wata safiya ya ture kofin ya ce, "Abba, ni fa lafiyata ƙalau. Wannan shi ne ke sa ni ciwo." A iya abin da jikinsa ke gaya masa, gaskiya ya faɗa. Ta yaya za ka lallashi ɗan shekara tara ya sha ɗaci yau saboda hantar da zai buƙata yana shekara talatin? Mun zana masa buhu mai baki ɗaya, mun nuna masa tsohuwar ƙusa mai tsatsa. Abin da ya fi aiki a ƙarshe shi ne takardar gwajin. Muka bar shi ya riƙa rubuta lambar feritin ɗinsa da hannunsa a bayan littafin lissafi, ya zama shi ne mai gadin lambar, yana jiran ya ga ta sauka.

Ita ma lambar ba ta da alƙawari. Zazzaɓin cizon sauro ko tashin ciwon sikila yana ɗaga ta ko da ƙarfen bai ƙaru ba, don haka gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an bi sawunta watanni. Akwai watan da ta hau bayan bai tsallake ko kwana ɗaya ba, ya yi fushi ya ce an cuce shi. Abin da ke auna ƙarfen hanta da zuciya sosai wani hoton MRI ne na musamman, wanda mu dai ba mu taɓa kai wa gare shi ba.

Sai kuma dangi, masu zuwa da ƙauna a cikin leda. A wurinmu duk wanda ya yi fari an san maganinsa: ƙarin jini. Kakarsa ta zo da kwalbar tonik daga kemis, mai hoton ƙaton mutum a jiki, ta ce, "Ku ba mijina wannan, cokali biyu safe da yamma, kun bar shi ya ɗashe." Muka juya kwalbar muka karanta, ƙarfe ne kan gaba a cikin abin da aka haɗa. Ba ƙaramin aiki ba ne ka gaya wa mahaifiya cewa abin da ta sayo da kuɗin adashenta zai ƙara wa jikanta ciwo. Muka ce, "Hajiya, jininsa ne ke ƙaranci, ƙarfensa kuwa ya yi yawa, kuma wannan ƙarfe zalla ne." Ta yi shiru ta ce ita a duniyarta ba ta taɓa jin mai ƙarancin jini da aka hana maganin jini ba. Ta tafi da kwalbarta, ba ta gamsu ba, amma ba ta sake kawowa ba. Ƙaramar ƙwayar folik asid da masu sikila ke sha kullum daban take, babu ƙarfe a cikinta. Zogale da alayyafo da nama kuma ba a hana shi ba, tunda ba ta kwanon abinci matsalar ta shigo ba.

Maganin kansa ba a sakin jiki da shi. Yana iya taɓa ƙoda da hanta, yana iya jawo zubar jini a ciki, saboda haka duk wata akwai gwajin jini da na fitsari, duk shekara a duba ido da kunne. Gwargwadon nauyin yaro ake auna shi, in ya ƙara kilo a sake lissafi. An ja mana kunne a kan abubuwan da suka yi daidai da rayuwarmu ta nan: in ya kama amai ko gudawa ko zazzaɓin da ya hana shi shan ruwa, a dakata da maganin a kira likita, domin ƙodar da ta bushe ba ta jure shi. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda kowane gidan sikila ke da su a kan firji, ba a haɗa su da shi kara zube. Ruwan maganin gyambon ciki mai sinadarin alminiyam shi ma yana hana shi aiki.

Maganar kuɗi kuwa, takardar likita ɗaya ce, amma biyanta uku ne: jinin, maganin da ke kwashe abin da jinin ya bari, da gwajin da ke tsaron maganin. Mun sha zagaya kemis biyar a garinmu ba mu samu ba, sai an aiko mana daga wani gari. A layin asibiti mun san iyayen da ke raba kwalin wata ɗaya ya kai wata biyu, da waɗanda aka ƙara wa 'ya'yansu jini fiye da sau ashirin ba a taɓa ambata musu kalmar feritin ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Ba dukansu ke buƙatar wannan magani ba, wanda aka ƙara wa jini sau biyu ko uku a rayuwarsa ba shi ake nufi ba. Amma ga waɗanda ledojinsu suka taru, ba mu ga dalilin da zai sa a ɗaura jini a sallami mutum ba tare da an rubuta masa ko leda ta nawa ke nan ba. Mu littafi muka saya, muna rubuta kwanan wata da adadi, don kati yana ɓata, asibiti kuma ana canzawa.

Akwai hanyoyin rage nauyin tun daga tushe. Musayar jini, inda ake zare na yaron a daidai lokacin da ake zuba sabo, ba ta tara ƙarfe kamar ƙari zalla, sai dai tana cin jini da yawa da kayan aiki. A Kano kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna gwada ƙwayar hydroxyurea a matsayin kariya daga shanyewar jiki ga yara masu sikila, saboda sanin cewa ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa. Mun kai wa likitansa wannan magana a zuwanmu na baya. Ya ce za a duba, amma ko da an daina ƙarin jinin gobe, ƙarfen da ya riga ya shiga yana nan sai an fitar da shi, wanda zai iya ɗaukar shekara biyu ko fiye. Ya sauya mana zuwa samfurin haɗiya, wanda za a iya sha da ɗan abinci mara maiƙo, ya rubuta gwajin ƙoda na ranar Litinin.