Hannuwa a gaban mai hoto

Na daɗe da lura cewa hannuwa ke tona asirin mai tsoron hoto. Alhajin da ke cinikin miliyoyi ko gezau, sai ka gan shi gaban na'ura ya rasa inda zai aje su, alhali hoton nan zai shekara ashirin rataye a shago. Saidu Keita, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ya san maganin abin: yakan tanadi rediyo, agogo, alƙalami, har da babur, don mutum ya sami abin riƙewa ko jingina. Ni dai nakan zo da rigar da jikina ya saba da ita, ban da sabuwar shadda mai hana zama, in riƙe tabarau, in bar mai hoton ya ja ni da hira.