Kusurwar Shimfiɗa

In ka taɓa zama a garin da masu bi ba su cika benci biyar ran Lahadi, za ka gane maganata tun ban ƙare ba. Aikin koyarwa ne ya kai ni Boɗinga, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Shagari da Tambuwal ta nufi Jega. Ƙasa ce mai tarihi; nan kusa Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Mu kuwa yawancinmu baƙi ne: malaman makaranta, 'yan sanda, 'yan kasuwa kaɗan, da masu bautar ƙasa da kan shekara su tafi. A irin wannan ikkilisiya, in mutum ɗaya ya yi fashi, gurbinsa kan fito fili kamar giɓi a baki.

Ni na yi fashin wata bakwai.

A daminar 2018 Ubangiji ya kira matata bayan gajeriyar rashin lafiya, ta bar ni da yara uku. Ba zan rage wa kowa hakkinsa ba. 'Yan'uwa sun zo, zumuntar mata sun kwana a gidan, maƙwabtanmu Musulmi sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida sun zauna tare da ni, matansu suna aiko da tuwo har na rasa inda zan sa kwanuka. Amma zaman makoki yana da ranar tashi. Da kowa ya koma harkarsa, sai na tarar addu'a ta ƙafe a bakina. Ban yi musun Allah ba, abin da zan ce masa ne na rasa, shi ma a ganina ya yi shiru. Na daina zuwa sujada. In fasto ya yi sallama, sai in aiki yaro ya ce ina barci.

Akwai wani ɗan'uwa ma'aikaci a Shagari. Ba yarenmu ɗaya ba, ba ɗarikarmu ɗaya ba. A wani taron addu'a a Sakkwato muka san juna, kuma kafin rasuwar ba zan kira shi aminina ba. Shi ne ya ɗauki kowace Asabar ya ba ni. Yakan hau tsohon babur ɗinsa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, wani lokaci da kifi a leda, wani lokaci hannu sake. Sai ya zauna gindin dogon yaro, ya yi wa ɗana aski, ya duba littattafan 'yan matan. Bai taɓa tambayata dalilin da ya hana ni zuwa coci ba. In zai tafi sai ya miƙe ya yi gajeriyar addu'a da ƙarfi, ni kuwa ko amin ban cewa. Wata rana zuciya ta ɗebe ni na ce masa, "Malam, ɓarnar mai kawai kake yi." Ya ce, "Man nawa ne, ɗan'uwa." Ya tayar da babur.

Mukan zargi abokan Ayuba, kuma sun cancanci zargin, gama Allah da kansa ya tsauta musu a ƙarshen littafin. Amma ka koma sura ta 2 ka duba yadda suka fara. Elifaz da Bildad da Zofar sun baro garuruwansu, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, babu wanda ya buɗe baki. Wannan makon shi ne mafi kyawun hidimarsu. Da suka soma bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata rawarsu da tsalle. Mu da muka saba tsayawa gaban allo ko bagade, shiru kan ba mu tsoro, sai mu cika shi da ayoyi don mu sami sauƙi mu kanmu.

Ranar da ba na mantawa ita ce Asabar 29 ga Disamba 2018, ranar da aka kai tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari makwancinsa a garinsu. Motoci sun yi ta wucewa ta Boɗinga cikin hazon hunturu, duk sun nufi Shagari. Na ce a raina yau kam na huta, wa zai fito a wannan cunkoso? La'asar sakaliya sai ga shi, ƙura ta yi masa fari fat har gashin ido. Duk duniya ta nufi garin da yake zaune, shi kaɗai ya juya baya ya zo gidan mutumin da ba ya ko yi masa godiya. Da ya yi addu'a a yammacin nan, na ji bakina ya ce amin ba da shawarata ba.

Daga baya ne Markus sura ta 2 ta buɗe mini. Mutum huɗu sun ɗauko shanyayye a Kafarnahum, taro ya tare ƙofa, suka hau bisa suka buɗe rufin suka zura shi gaban Yesu. Wanda ya taɓa zama a soron ƙasa da azara ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ya kuma san akwai maigidan da za a ba haƙuri. Abu biyu suka kama ni. Shanyayyen bai furta ko kalma ɗaya ba a dukan labarin. Kuma bangaskiyar da Markus ya ce Ubangiji ya gani, ya faɗe ta ne a jam'i, har da ta masu ɗauka. Ashe akwai lokacin da mai bi ba ya iya kai kansa gaban Almasihu, sai dai a kai shi. Don irin wannan rana Allah ya ba mu abokai. Ka dubi bencin ikkilisiyarku, mai karatu: wanda ya ɓace makonnin nan, mai yiwuwa ba taurin kai ne ya riƙe shi ba, kwance yake, kuma shimfiɗa ba ta ɗaukuwa ta waya.

Wannan na ƙarshe da kunya na koye shi. Bayan shekara biyu aka zargi ɗan'uwan nan da wata magana ta kuɗi a wurin aikinsa, aka dakatar da shi, albashi ya tsaya. Mutane suka ja jiki. Ni me na yi? Na riƙa tura masa ayoyi ta WhatsApp. Na ce wa kaina lokacin jarrabawa ne, takardu sun yi yawa. Gaskiyar ita ce ina tsoron a ga babur ɗina a ƙofarsa, kuma can ƙasan zuciyata ina tambaya, in fa ya aikata? Bulus, yana ɗaure a Roma, ya yi wa gidan Onisifaras addu'a domin mutumin ya neme shi har ya same shi, bai ji kunyar sarƙarsa ba, a daidai lokacin da na Asiya suka juya masa baya. Na sha karanta wannan a wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, ban taɓa zaton cikin na Asiya zan tsinci kaina ba.

Asabar shida suka wuce. A ta bakwai, ƙaramar 'yata tana share tsakar gida ta ce, "Baba, shin Baba na Shagari ya yi mana laifi ne?" Ban sami amsa ba. Na sayi kwano biyu na gero, na ɗaure a bayan babur, na kama hanya, ina ta shirya kalmomin neman gafara tun daga Boɗinga.

Da na yi sallama ya fito, ya rame, ya dube ni na ɗan lokaci. Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga hannu ya shiga ciki ya ɗauko tabarma. Muka zauna har inuwa ta juya, ba mu yi magana mai tsawo ba. Da na miƙe zan tafi, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Ɗan'uwa, yi mana addu'a. Ni yau ba ni da ita."