Hutu a Bakin Ruwan Yauri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin hutuna a ƙasar Yauri.

Daga Yelwa na shiga jirgi, rana na ƙuna, muka gangara Wara ta ƙasar Ngaski. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 Kwara ta zama tafki a nan, ta cinye tsibiran Gungawa da yawa, har da tsohuwar Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806. Mun hangi dorina, matuƙi ya kauce mata nesa. Da dare aka gasa mini giwan ruwa da albasar Yauri. Wanda bai ci ba kada ya yi mini gardama!

Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Kututturan itatuwa na nan a ƙarƙashin ruwa, ga jirage ana cika su maƙil, galibin fasinja ba rigar ruwa. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara, rayuka masu yawa suka salwanta. Ina roƙon hukuma da sarakunan ruwa a riƙa ƙirga mutane kafin jirgi ya tashi.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta.