Jiran Uhudu

Talata, 6 ga Shawwal
Madina. Ƙafar Inna a kumbure tun cikin jirgi. Jagora ya ce ziyarar Uhudu gobe bayan asuba.

Laraba, 7
Ba mota. Muna bakin masauki har rana ta take, sannan aka ce mu yi haƙuri. Ta tagar ɗakinmu ana hango dutsen can arewa, ja-ja, a miƙe kamar raƙumi ya durƙusa. Kilomita biyar ne fa kawai. Inna ta ce ba inda zan je ba da ita ba.

Alhamis, 8
Magani, shayi, masallaci, barci. Kumburin ya ɗan saɓe.

Asabar, 10
Yau dai mun je.

Dutsen Maharba ya ba ni mamaki. Ashe ɗan tudu ne, yara ma da gudu suke hawa. A kansa Manzon Allah (SAW) ya tsayar da maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, shekara ta 3 bayan Hijira, da umarnin kada su sauka ko ana ha-maza-ha-mata. Musulmi wajen 700, Ƙuraishawa 3,000. Da maharban suka hango ganima, yawancinsu suka gangaro. Halidu ɗan Walidu ya zagayo da dawakai ta bayan tudun. Tun ina allo nake jin labarin, ban taɓa zaton filin ƙarami ne haka ba.

Na ce, "Inna, minti biyar." Na bar ta cikin kekenta, a inuwar wani mai dabino, na hau tudun. Sama cunkoso, kowa da wayarsa, hoto ake ta yi. Daga can maƙabartar a fili: shahidai 70, cikinsu Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Ba gini, ba suna, ƙasa da duwatsu cikin shinge. Na shagala.

Na sauko, ba Inna, ba keke. Mai dabino sai nuni yake da hannu, ba na jin Larabcinsa. Gwiwa ta yi sanyi. Sai can jikin shingen na same ta, wata baiwar Allah 'yar Indonesiya ce ta turo ta. Hannun Inna a sama, hawaye. Ko kallona ba ta yi ba.

Lahadi, 11
Har yanzu ba ta ta da maganar ba. Ni ma haka.

Litinin, 12
Bayan la'asar ta ce, "Ɗan nan, ka mai da ni wajen Hamza, ban gama ba." Na tambayi kuɗin tasi. Jagora ya ce motar Makka gobe da hantsi, a haɗa kaya tun yau.