Itacen Da Masu Katako Suka Raina

'Yan'uwana mata, ran Asabar ɗin nan 'yata ta komo daga makaranta da wani littafi na aro. Na same ta a tsakar gida tana kwaikwayon wani zane da ke ciki, tuwo kuwa yana ƙonewa bisa murhu. Na fizge littafin da fushi, sai idona ya faɗa kan zanen, faɗan ya tsaya mini a wuya.

Itace ne guda, dogo siriri, ba reshe sai ɗan tukku can bisa kansa. Kewaye da shi duk kututture ne, an sare 'yan'uwansa, shi kuwa an bar shi don ba zai yi katako ba. Sama ta kewaye shi da haske sai ka ce tana rungumarsa. Nan da nan na tuna da kurmin bayan garinmu, inda muke bin kakata neman itacen girki. Ba ta yarda a sari ɗanye, sai busasshe. Bara na je, ban sami inuwar da zan tsuguna ba. Allah Sarki!

Ashe mace ce ta zana shi, a 1935, da fentin mai. Sunanta Emily Carr, mutuniyar Biktoriya a yammacin ƙasar Kanada, inda itatuwa ke da tsawo ƙwarai. An haife ta a 1871. Ta yi koyon zane har Ingila da Faransa, amma da ta komo gida ba mai sayen aikinta. Sai ta buɗe gidan haya a 1913, ta shiga shara da dafuwa da rigimar 'yan haya, shekara goma sha huɗu buroshinta kusan a ajiye. Ku da kuka san aikin gida, ai ba sai na faɗa muku yadda yake cinye mutum ba.

Sai a 1927, ta haura hamsin, aka nuna zane-zanenta a Otawa, ta farfaɗo. Ta sayi wani tsohon ɗaki mai taya, ta raɗa masa suna Giwa, akan ja mata shi zuwa bakin daji ta yi makonni ita da karnukanta da birinta. Kuɗi ba su ishe ta ba, saboda haka takan tsarma fentin da fetur ta yi zane bisa takarda mai araha. Fentin ya yi ruwa-ruwa, hannunta ya sami sauri, shi ya sa in kin duba kamar iska na kaɗa ganyen. Ta rasu a 1945.

Da dare na mayar wa yarinya littafinta. Ta tambaye ni, “Inna, in ci gaba?” Na ce ta kankare tukunyar tukuna. Da gari ya waye na nuna mata tsamiyar ƙofar gidanmu, wadda maigida ke ta cewa zai sare, na ce ta fara da ita.