Tafinta a Cikin Aljihu

Gagarawa Tasha gari ne a bakin hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Kano ta nufi Nguru. A shekarar 1930 aka gama shimfiɗa wannan hanya. A zamanin nan, in takarda ta zo da harshen da ba a sani ba, sai a naɗe ta a sa a aljihu, a shiga neman tafinta. Wani lokaci a kan kwana biyu ko uku ba a san abin da ta ƙunsa ba.

A garin akwai wani dattijo mai tumaki goma sha biyu. Da su ya ke sayen taki, da su ya ke yi wa jikokinsa ɗinkin Salla. Wata shekara da kaka sai ya ga tumakin nan suna ramewa, suna zawo, ko da ya ke ga ciyawa ko'ina. Ya gane tsutsar ciki ce. Ran Alhamis ya shiga mota, ya bi ta Gumel, ya tafi kasuwar Maigatari, ya sayo kwalbar maganin da a ke kira albandazol.

Kun san Maigatari a kan iyakar Nijeriya da Nijar ta ke. Mutanen ƙetaren iyaka Hausawa ne kamar na nan, har ma a shekarar 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Amma da ya ke Faransawa ne suka mallaki ƙasar har zuwa 1960, kaya da yawa da su ke fitowa daga can da Faransanci a ke rubuta bayaninsu. Kwalbar dattijo ma haka ta ke.

Shi ajami ya iya, bai yi boko ba. Sai ya kira jikarsa 'yar aji shida, ya ce, "Amarya, zo ki karanta mini wannan."

Ta juya kwalba, ta sāke juyawa, ta ce, "Kaka, baƙaƙen duk na san su, amma maganar ba Hausa ba ce, ba kuwa Turancinmu ba. Bari in aro wayar Yaya."

Ta kawo waya, ta buɗe wata manhaja da a ke kira Google Translate, ta taɓa hoton kyamara. Ta zaɓi Faransanci a hagu, Hausa a dama, ta saita waya a kan kwalba. Nan da nan Faransancin ya ɓace a fuskar waya, Hausa ta hau gurbinsa. Dattijo ya dubi kwalba, ya ga rubutunta yana nan yadda ya ke. Ya dubi waya, ya riƙe baki.

To, ba tsafi ba ne. Aiki uku waya ta ke yi, sai dai saboda saurinta a ke ganin kamar ɗaya ne. Da fari ta kan dubi hoton, ta rarrabe rubutu da abin da ba rubutu ba, ta gane kowane baƙi da siffarsa, kamar yadda ɗan aji ɗaya ya ke gane "b" da "d". Sa'an nan ta haɗa baƙaƙen su zama kalmomi, ta juya su zuwa harshen da aka zaɓa. Daga ƙarshe ta shafe rubutun fari a cikin hoton, ta ɗora sabo. Ita kuwa fassara, daga mutane ta koya. An tara jimloli masu ɗimbin yawa waɗanda mutane suka riga suka fassara, aka ba kwamfuta ta yi ta gwada wannan da wancan. Abin da aka rubuta da Hausa bai kai yawan na Faransanci ko na Ingilishi ba, shi ya sa Hausar waya ta kan fito wani lokaci kamar ta baƙo.

Wani Ba'amurke mai suna Otavio Good shi da abokan aikinsa suka fito da irin wannan dabara a shekarar 2010, suka sa mata suna Word Lens. Kamfanin Google ya saye ta a 2014, ya sa ta cikin manhajarsa a 2015. Ita Hausa kuwa tun 2013 ta shiga cikin harsunan manhajar.

Yarinya ta fara karantawa. Waya ta ce a girgiza kwalba kafin a ba dabba. Ta ce a ajiye ta inda yara ba za su kai ba. Can ƙasa kuma ta ce, "ba tumaki a watan farko na ciki."

Dattijo ya ce, "Madalla! Da ma akwai biyu da ba su fi mako uku da ɗaukar ciki ba. Da su za a fara." Ya miƙe zai kamo ɗaya.

Yarinya ta ce, "Dakata, Kaka." Ta tuna malaminsu ya koya musu kowace jimla da babban baƙi ta ke farawa. Wannan kuwa, a jikin kwalba, da ƙaramin baƙi ta fara. Ta murza kwalba kaɗan zuwa dama. Ashe akwai waɗansu 'yan kalmomi biyu da suka ɓuya a kwanar kwalba, kyamara ba ta gan su ba: "Ne pas". Ta sāke saita waya yadda layin zai shiga duka. Sai ga shi ta ce, "Kada a ba tumaki a watan farko na ciki."

Dattijo ya koma ya zauna, ya yi shiru. Maganin nan yana kashe tsutsa sosai, amma in an ba tunkiya a farkon ciki, ya kan sa ta yi ɓari, ko ɗan ya fito da nakasa. Waya ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka nuna mata shi ta fassara, ba ta kuwa san an rage wani abu ba. Haka ta kan yi in takarda ta yamutse, ko maiƙo ya ɓata wani baƙi, ko hannu ya yi rawa.

Sauran bayanin ya ce gwargwadon nauyin dabba a ke auna magani. Nan kam waya ba ta da ta cewa, don ba ta iya ɗaga tunkiya. Kashegari suka kira malamin dabbobi, ya dudduba tumakin, ya auna wa goma, ya ce a bar biyun sai cikinsu ya yi ƙwari.

Da malamin ya tafi, dattijo ya shiga ɗaki, ya fito da takardar da ya ke rubuta bashin gero da ajami. Ya ce, "Amarya, nuna wa tafintan naki wannan."

Ta nuna. Waya ta ga baƙaƙen Larabci, ta zaci Larabci ne, ta kawo wata magana wadda ba kai ba gindi. Dattijo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya karɓe takardarsa ya ninke, ya ce, "To, wannan kam sai ki zo gobe da asuba in koya miki."