Na sauya wa adaidaita sahu tayoyi, na sha yawon neman mai balansin (zare)

1/ Jama'a, zare ne a kan tayar adaidaita sahu. Na san ba shi ne abin da ke tashe ba, amma in kana hawa ɗan sahu kullum zuwa makaranta ko kasuwa, ranka a kan 'yan tayoyin nan uku yake tafiya. Da ɗan tsayi, ku yi haƙuri.

2/ Ni ɗalibi ne a BUK, aji uku, ɓangaren injiniya. Keken da nake ja na kawuna ne, Bajaj. Wani ke fita da shi da safe, ni in karɓa bayan la'asar, Asabar da Lahadi kuma in wuni. A nan nake cin abinci, a nan nake tara kuɗin rajista.

3/ Ga wanda bai san harkar ba: kullum direba yana kai wa mai keke balas. Ka cire balas, ka cire kuɗin mai, abin da ya saura shi ne naka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da ke saurar nan ya ƙanƙance, kowa sai neman inda zai matse.

4/ Mai ba ya matsuwa, keke ba ya shan ruwa. Balas ba ya matsuwa, mai keke zai karɓe makullinsa. Taya ce kaɗai ba ta magana. Shi ya sa in kun tsaya a danja ka leƙa ƙafar kekunan da ke gefenka, za ka ga wasu sun suɗe sumul kamar tafin hannu, kuma da mutum huɗu a ciki.

5/ Namu ma sun kai nan. Na baya biyun zanensu ya tafi, ta hagu har zare ya fara leƙowa, ga damina ta kankama. Wata ranar da aka yi yayyafi na taka birki wajen Kabuga, bayan keken ya ɗan wulla gefe. Wata baiwar Allah da jaririya a cinya ta yi salati, ta ce in sauke ta a nan. Na sauke ta, ban karɓi kuɗinta ba.

6/ Da daddare na sami Kawu. Ya ce, "Ɗana, ai ƙa'ida taya ta masu ja ce, ni inji ne nawa." Mun daɗe muna ja. Ƙarshe ya yarda ya yafe balas na kwana uku, abokin aikina na safe ya kawo nasa kason, ni kuma nawa daga kuɗin rajista zai fito. Saura sati biyu a rufe biya.

7/ Kuɗin taya biyu kawai muka haɗa. Sai masu shawara suka taso: ka sayi na hannu mana, kuɗin sabuwa ɗaya ya ba ka biyu har da canji. Wallahi na yi tunanin. Duk wanda ya ce bai taɓa auna taya da kuɗin makaranta ba, to bai ja keke yana karatu ba.

8/ Abin da ya hana ni shi ne abin da ake kira sake zane. Ana ɗaukar suɗaɗɗiyar taya a bi ta da wuƙa ko ƙarfe mai zafi a fitar mata da sabon zane, a goge ta ta yi baƙi. A ido sai ka ce sabuwa. Amma ɗan naman da ya rage tsakanin kwalta da zaren ciki ne aka ƙara yankewa.

9/ In za ka sayi taya, karanta gefenta, komai a rubuce yake. Tamu 4.00-8 ce: faɗi inci 4, rim inci 8. Sai 4PR ko 6PR, wato ƙarfin jikinta wajen ɗaukar nauyi. Keken haya da ke wuni da fasinja da buhuna, 6PR ya kamata, ko da ta fi tsada.

10/ Sai wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1224, an yi ta a sati na 12 na 2024 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra tana yawan jan kunne kan taya da ta haura shekara 4 da yi. Roba na bushewa ko tana ajiye a shago, balle a zafin Kano.

11/ Na sayi biyu, kamfani ɗaya, zane ɗaya, da sabon tiyub kowacce. Tayoyin keke galibi 'yan Indiya ne, irin su MRF da CEAT, kamar yadda keken kansa ɗan Indiya ne. Ba talla nake ba. Abin kula shi ne na baya su zo ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya tsayi ko kamu, keke zai riƙa jan gefe, ya fi nunawa in ka taka birki.

12/ Gaba fa? Safayarmu tana da sauran zane sosai, kuma a keken namu ƙafa ukun girmansu ɗaya, kowacce tana shiga gurbin kowacce. Sai muka ce safaya ta koma gaba, ta gaban ta zama safaya.

13/ Yanzu wajen ɗaurawa, wanda shi ne dalilin zaren. Mutane na ganin in ka sayi sabuwar taya an gama. Ni a ganina rabi ka yi. Akwai wani dattijo mai faci a unguwarmu, Baba muke ce masa, shi kuma yana kirana injiniya, rabi wasa rabi zolaya. Wajensa na kai.

14/ Rim ɗin kekenmu ba kamar na mota ba ne. Gida biyu ne, kamar kwano biyu da aka kifa aka ɗaure da notina. Saboda haka notina kala biyu ne a ƙafar: masu riƙe ƙafa a jikin keke, da masu haɗe rim ɗin da kansa.

15/ Yaron Baba ya ɗora sifana a kan na biyun alhali da iska a ciki. Baba ya daka masa tsawa har na tsorata. Ya sa ya cire ƙwayar bawul, iska ta fice tas, sannan aka kwance. In ka saki notinan nan da iska a ciki, iskar ce za ta raba rim ɗin, kuma fuskar mai kwancewa ce a gabansa.

16/ Da aka buɗe, cikin rim ɗin duk tsatsa. Baba ya zauna da buroshin ƙarfe ya goge. Na ce, "Baba, lokaci fa, yamma ce kasuwata." Ya ce, "Injiniya, tsatsar nan ita za ta ci maka sabon tiyub. In kana sauri, ga masu sauri can tsallake." Na ja bakina na nemi benci.

17/ Ga abin da na ga ya yi. Ya shafa wa tiyub hoda don kada ya manne ko ya naɗe a ciki. Ya ɗan hura masa iska kaɗan, iya yadda zai yi zagaye, kafin ya haɗa gida biyun. Tiyub da ke kwance lakwas yana iya shiga tsakanin ƙarfe biyun a matse shi. Ranar ba za ka sani ba, sai bayan kwana biyu ka tashi ka tarar da faci ba ƙusa.

18/ Ya daidaita bawul ya tsaya cak a raminsa, bai karkace ba. Notina kuma bai bi su a jere ba: wannan, sai na ɗaya ɓangaren, kaɗan-kaɗan har suka ɗauru. Tsohon tiyub ma ya ce kada a mayar cikin sabuwar taya, ya riga ya saki, ninkewa zai yi.

19/ Iska kuma da geji ya auna. Ba ƙwanƙwasa taya da sifana a saurari ƙara ba, ba dannawa da babban yatsa ba. Na baya biyun ya sa su daidai da juna. In za ka duba iskarka, da safe kafin ka fita ya fi, domin taya in ta yi zafi gejin sama yake nunawa.

20/ Bayan keke ya zauna daram. Amma da na hau titin Gwarzo na ɗan ja, sai kan keken ya fara rawa a hannuna. A hankali lafiya lau, da ka ƙara wuta sai karkarwa har kafaɗa. Safayar da muka mayar gaba ce.

21/ A mota, balansin za a ce maka. To bari in ɗan yi bokon. Babu tayar da nauyinta ya rabu daidai, wani gefen yakan ɗan fi. In tana juyawa, gefen nan yana fizgar ƙafar, kuma fizgar ba a hankali take ƙaruwa ba: ka ninka gudu sau biyu, ta ninka sau huɗu.

22/ Na yi lissafin a bayan takardar lakca. Tsayin tayar keke wajen santimita 41 ne, zagayenta kusan mita 1.3. A gudun kilomita 50 tana juyawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Gram 20 kacal da ya yi yawa a bakinta zai riƙa fizga da ƙarfin da ya kusa kilo 2, sau goma duk daƙiƙa, kuma ƙafar gaba ɗaya ce tal, kai tsaye take da hannunka.

23/ Wannan lissafin ne kuma ya nuna mini dalilin saurin cinyewarta. A kilomita ɗaya tayar keke na juyawa wajen sau 770, ta ƙaramar mota wajen 500. Kowane gefe nata ya fi yawan gaisawa da kwalta.

24/ Na shiga neman mai balansin. Shagon farko masu na'ura, yaran suka kwashe da dariya, wai keke ma? Na biyu, mutumin kirki ne, ya gwada, ya nuna mini cewa rim ɗin bai zauna a bakin na'urarsa ba, don ƙafar mota aka yi ta. Ya ce kada in ɓata kuɗina.

25/ Na uku ne ya ba ni haushi. Ya ce zai yi, ya faɗi kuɗi, ya ce in je in yi salla in dawo. Na ce a gabana nake so. Sai ya ce ai na'urar tana can ciki kuma ba a shiga. Na ɗauki ƙafata na ɗora a keke na tafi. Yammaci guda ya tafi a yawon nan, ga mai na ƙona, ko fasinja ɗaya ban ɗauka ba.

26/ Na koma wajen Baba. Na fara yi masa bayanin gram da daƙiƙa, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To injiniya, ɗaga mana gaban." Muka sa jak. Ya kama ƙafar ya girgiza hagu da dama, boris lafiya. Ya riƙe alli kusa da bakin rim ya juya, rim bai lanƙwashe ba.

27/ Sai ya nuna mini wani siririn layi da ke zagaye gefen taya, dab da bakin rim. Ya ce layin nan ya kamata tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina. A tamu, wani gefen yana waje, wani gefen ya shige ciki. Wanda ya ɗaura safayar tun asali bai zaunar da bakin tayar ba. Ƙafar ba zagaye take ba, tsalle take yi.

28/ Ko na'urar ta karɓe ta, dalma kawai za a liƙa mata, tsallen yana nan. Nauyi daban, zagaye daban. Da yawa abin da direbobi ke kira matsalar balansin a keke, ko wannan ne, ko rim ya daki rami, ko boris ya tafi, ko noti ya saki. Waɗannan ake fara dubawa.

29/ Ya sace iskar, ya kwance, ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ya sake haɗawa ya hura. Layi ya fito daidai. Sannan ya ce bari mu ga nauyin. Ya sassauta birkin gaba don ƙafar ta juya ba abin da ke riƙe ta, ya juya ta, ya bari ta tsaya da kanta, ya yi alama da alli a ƙasa.

30/ Sau huɗu yana juyawa, sau huɗu alamar tana dawowa ƙasa ko kusa da nan. Gefen mai nauyi ke nan. Ya aiki yaro shagon masu mota ya sayo 'yar dalma mai gam, ya liƙa a rim ta ɗaya ɓangaren, sama. Ya sake juyawa, yanzu duk inda ta ga dama take tsayawa. Ya mayar da birki yadda yake, ya sa na gwada shi a gabansa kafin in hau titi.

31/ Abin da ya ba ni dariya, wannan gwajin yana cikin abin da aka koya mana a aji, da zane da lissafi a allo. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Su ma sun iya ashe."

32/ Na koma titin Gwarzo, kai ya tsaya shiru. Kada a ce na ce kowane keke sai an yi masa balansin. Mai yawo cikin gari a cunkoson Kantin Kwari da Bata, da wuya ya kai gudun da zai ji. Amma mai bin dogon titi, in kai na rawa, a duba. Rawar nan tana cin boris, tana cin taya gefe-gefe, kuma ranar da ka taka birkin gaggawa ƙafar da ke tsalle ba ta kama ƙasa sosai.

33/ Washegari Baba ya ce in biyo a sake bin notina, domin sukan ɗan saki bayan an yi tafiya. Biyu sun karɓi sifana. Bai karɓi ko sisi ba a wannan.

34/ Rajista kuwa, ranar ƙarshe na biya, da rancen wani abokina na ɗaki, har yanzu ina biyansa kaɗan-kaɗan duk Juma'a. Kawu ya zo ya zagaya keken, ya danna tayoyin da yatsa, ya ce sun yi. Na ce, "Kawu, ba a aunawa da yatsa." Ya ce in kawo balas ɗin jiya.

35/ Tsofaffin biyun, wani ya zo wajen Baba ya taya, kuɗi mai ɗan auki ma. Na tambaye shi me zai yi da su, ya ce gyarawa. Baba ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauko wuƙa ya tsaga gefen kowacce, muka sayar wa masu takalmin taya a rabin abin da wancan ya taya. Tiyub ɗin kuma na kai wa Inna, ta ce a yanka mata na ɗaure itace.